Kunun da Na Riƙa Zubawa a Gindin Tsamiya

Na manta abubuwa da yawa game da shekarar da muka yi a tsibiri ni da Mama. Na manta lambar gidan da muka zauna, na manta sunayen fiye da rabin 'yan ajinmu, ko launin ƙofar makarantar sai na yi dogon tunani kafin ya dawo mini. Amma ranar da aka kira Mama daga wurin aiki aka gaya mata cewa 'yarta tana ba aljanu abinci a bayan makaranta, wannan rana kam ko haƙorana sun zube don tsufa ba za ta fita daga kaina ba.

Shekarata goma sha biyu a lokacin. A Greensboro ta Amurka na yi wayo, don tun ina 'yar shekara huɗu aka kawo ni daga Zariya. Mama nas ce, Baba kuma direban babbar mota ne, irin masu tsallaka jihohi, sai ya yi sati uku bai kwana a gida ba. Ni kaɗai Allah ya ba su, kuma tun ina ƙarama ba ni da magana. Ba wai ba ni da abin faɗa ba ne. Maganar takan taho har maƙogwaro, sai ta leƙo ta ga fuskokin mutane, ta koma. Abin da na iya shi ne kallo. Zan iya gaya maka wace ce ta sake 'yan kunne a ajinmu, da wane malami ne bai samu barci ba, amma a ce in ɗaga hannu in tambayi hanyar banɗaki, gara in riƙe har a tashi.

Da Mama ta samu aikin shekara ɗaya a asibitin wani tsibiri a tekun Karibiyan, ɗaya daga cikin waɗanda ke ƙarƙashin Amurka, sai aka zauna shawarar yadda za a yi da ni. A falon Anti aka yi zaman, yayar Baba, mai babban gida a Pleasant Garden da 'ya'ya biyar da murya mai kaiwa bakin titi. Ina zaune a kan kafet, na buɗe littafi kamar ina karatu.

"Ki bar min ita kawai," in ji Anti. "Yarinyar da ko a nan sai an yi da gaske take cewa ina kwana, ita za ki ɗauka ki kai tsakiyar ruwa? Ke kina can asibiti kina shif, ita tana hira da wa? Da kifi?"

"Anti, tun da na haife ta ban taɓa yin sati ban gan ta ba," Mama ta ce a hankali.

Baba ne ya raba gardamar. Ya ce in bi Mama a watan Janairu, a gwada zuwa hutun Afrilu. In an ga na saba, na yi ƙawaye, sai in zauna har shekarar ta cika. In kuwa an ga ina shan wahala, a sa ni a jirgi in dawo gidan Anti. Kowa ya ce hakan ya yi. Anti ba muguwa ba ce, tana sona da irin nata son, sai dai a gidanta sunana Bebiya, kuma ba a rufe ƙofar ɗaki. Abin da ya fi wannan, Mama ce kaɗai a duniya nake iya yi wa magana ba tare da na shirya ta sau uku a zuciyata ba. Tun a kan kafet ɗin nan na ƙudura cewa ko me zan gani a can, ba wanda zai gane ina shan wahala.

Mun bar Greensboro cikin rigunan sanyi, itatuwa duk sun zubar da ganye, muka sauka a inda iska ke da ɗumi da ɗanɗanon gishiri. Motocin irin na Amurka ne, amma a hannun hagu ake tuƙi, Mama ta yi sati guda tana salati a kowace kwana. Kaji na yawo ko'ina, har ƙofar asibiti, ba wanda ya san mai su. Ruwan famfonmu ruwan sama ne da ake tarawa a ƙarƙashin gida, saboda haka wanka ba a daɗewa. Ranar da aka fara ɗauke wuta Mama ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ashe gida na dawo ban sani ba!" Ita komai sai ya tuna mata da Najeriya. Ni kuwa ba abin da ya yi kama da wani abu da na sani. Duk inda ka juya teku ce, shuɗiya, mai kyau, amma a idona katanga ce da ba ta da ƙofa.

Tun ranar farko na yi ɓari a makaranta. Mutanen tsibirin suna da al'ada: ba ka shiga wuri, kanti ne ko mota ko aji, ba ka ɗaga murya ka gaida na ciki ba. Ni kuwa a Greensboro na saba in sulale in zauna ba wanda ya san na shigo. Haka na yi. Malamar ajinmu, wata doguwa mai tabarau a kan hanci, ta dakata da rubutu a allo.

"Ke baƙuwa, a inda kika fito ba a gaisuwa? Fita ki sake shigowa."

Na fita na tsaya a baranda da sabon siket ɗina da farin hijabina, na dawo na yi gaisuwar da ko ni ban ji ta ba.

"Ban ji ba."

Sai da na fita sau uku. Ajin ya yi ta dariya. Yanzu na san ba wulaƙanci ta nufa ba, haka take yi wa kowa, kuma da Hajiya kakata ce ma abin da za ta yi ke nan. Abin kunya ne ma a ce 'yar Hausawa ake koya wa gaisuwa. Amma daga ranar aka gama yanke mini hukunci: 'yar Amurka ce mai girman kai.

Lokacin abincin rana ya fi komai wuya. Dogayen tebura ne a ƙarƙashin rumfa, kowa da mutanensa tun daga aji ɗaya. Turancinsu da sauri yake, yana hawa yana sauka kamar waƙa, kafin in kama kan zancen an yi dariya an wuce. Kwana uku na ci abincina a tsaye kusa da famfo. Rana ta huɗu na hango wata babbar bishiya can ƙarshen fili, bayan inda malamai ke ajiye motoci. Ga inuwa, ga manyan saiwoyi kamar an yi su don zama, kuma babu kowa. Da na matsa na ga ƙananan ganyen nan a jere biyu-biyu, da 'ya'yan masu ɓawo ruwan ƙasa, sai gabana ya faɗi. Tsamiya ce. Akwai irinta a bayan gidan Hajiya a Zariya, na gan ta da muka je hutu ina shekara bakwai. Na tsinci ɗaya na fasa na lasa, tsamin ya kama mini muƙamuƙi, idanuna suka kawo ruwa. Ita ce abu na farko a tsibirin nan da na san sunansa da Hausa ban san shi da Turanci ba.

Daga ranar ta zama wurina. Na san hanyar da tururuwa ke bi daga saiwa zuwa reshe. Na san wani koren ƙadangare mai girman damo da ke kwanciya a sama yana lumshe ido. Akwai wata kaza mai 'yan tsaki bakwai, ina gani suka koma biyar. Kuma ni mai lura da komai, na lura malamai suna ajiye motocinsu a tsakiyar rana, ƙarfe ya ɗauki zafi, ga inuwa nan a banza. Na lura in ƙwallo ta gangaro gindin bishiyar, yara sukan tsaya su yi ta tura juna kafin ɗaya ya ruga ya ɗauko ya ruga ya koma. Duk na ga wannan. Abin da ban yi ba shi ne tambayar dalili. Gani daban, ganewa daban.

A gida kuwa kullum tambaya ɗaya ce.

"Yaya makaranta?"

"Fine."

"Da Hausa na tambaye ki. Kin yi ƙawa?"

Sai in ce da sauƙi, in sa kai cikin littafi. Wata Asabar Mama ta zazzage jakata za ta wanke, 'ya'yan tsamiyar da nake tsintowa suka zubo a ƙasa.

"Kai! Tsamiya? A ina kika samo?"

Ban san lokacin da bakina ya ce, "Ƙawata ce ta ba ni," ba.

Har yau ina ganin yadda kafaɗun Mama suka sauka, kamar an sauke mata kaya daga ka. Ta ce alhamdulillahi sau uku. Nan take ta kira Baba, sannan ta aika wa Anti saƙon murya: "Anti, 'yar taki fa har ta yi ƙawa, har kyauta ake mata." Ƙarya kuwa in ka haife ta sai ka ciyar da ita. Kafin sati biyu ƙawar tawa ta samu ƙanne biyu, babanta masunci ne, tana son lissafi, ba ta son hayaniya. Na haɗa ta ne daga yaran da nake kallo daga nesa, kitson wannan, dariyar waccan. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu shi ne, har na fara jin daɗin zama da ita. Nakan zauna a kan saiwa ɗaya in bar mata ɗayar.

Sai dai Mama 'yar gida ce. Wata Alhamis ta ce, "Yarinyar nan kullum ita ce da ba ki, mu ko godiya? Kwano ba ya komawa wayam." Ta jiƙa tsamiyar, ta ɗauko garin geron da ta taho da shi daga Greensboro, wanda take tattalinsa kamar zinariya, da safiyar Juma'a ta dama kunu mai kauri ta cika filas. Ta sa kofi biyu a jaka, fari da kore.

"Farin naki, koren na ƙawarki. Ki ce mamarki ta gode."

A gindin tsamiya na sha nawa. Na yi ƙoƙarin shan na biyu, ciki ya ƙi, filas ɗin babba ne. In na koma da shi gida za a yi tambaya. In na kai bola, bolar tana kusa da rumfa, kowa zai gani, kuma an tashe ni a kan cewa jefa abinci a shara zunubi ne. Sai na yi dabara irin ta 'yar shekara goma sha biyu: in na zuba a ƙasa, tururuwa da kazar nan za su sha, ya zama sadaka. Na durƙusa, na tsiyaya kunun a koren kofi tukuna don Mama ta ga an yi amfani da shi, sannan na zuba a hankali tsakanin saiwoyin, ina bisimilla, ina istigfari saboda ɓarnar da nake yi. Mama ta ga filas wayam ta ji daɗi, ta mai da shi sau biyu a sati. Haka na yi sati biyar.

To ka tsaya daga rumfa ka kalli abin da yaran suke gani. Baƙuwar yarinya mai lulluɓe da fari, wadda ba ta magana da kowa, ta tafi inda ba mai zuwa, da tsakar rana, ta durƙusa, leɓɓanta na motsi, tana zuba wa bishiya abin sha a kofi na musamman.

Na lura abubuwa sun canza, don lura ai sana'ata ce. An daina yi mini dariya. In na taho a baranda sai hanya ta buɗe. Wadda ke zama kusa da ni ta ja teburinta taku ɗaya. Sau biyu na tarar da gishiri a barbaɗe a ƙarƙashin kujerata, na ɗauka wani ne ya yi ɓari. Ina jin wata kalma tana bina a baya cikin raɗa, jumbi, jumbi, na ɗauka sunan tsokana ne aka laƙaba mini. A da ina jin kaɗaici irin na wanda ba a gani. Yanzu sai ya koma irin na wanda kowa ke gani amma ba mai matsowa, kuma wannan ya fi sanyi.

Akwai wata yarinya mai wushirya a ajinmu, mai baki, wadda in ta yi dariya sauran 'yan mata sai su yi. Ita kaɗai ba ta daina tsokanata ba. Wata Laraba ta tare ni a baranda ta kwaikwayi malama, ta kama kunne ta ce, "Ban ji ba!" Na kalle ta kawai na wuce, don ban san abin da ake cewa ba. Washegari rina ta harbe ta a fatar ido, idon ya kumbura ya rufe. Ranar Juma'a, ina gama zuba kunu, aka aiko in zo ofishin shugabar makaranta.

Na tarar da Mama a zaune da kayan aikinta, makullin mota a hannu. Malamar ajinmu tana tsaye bakin taga. Shugabar tsohuwa ce gajeriya mai furfura, ta haɗe hannuwa a kan tebur.

"Ina so ki sani," ta ce wa Mama, "ni mai zuwa coci ce, ban yarda da wannan shirmen ba. Amma iyaye uku sun kira ni."

Ta yi bayani. Jumbi su ne iskokan da mutanen tsibirin suke cewa suna zama a bishiyar tsamiya, kuma tun kakanni ba a zama a gindinta, balle da tsakar rana. Gishiri kuwa korar su ake yi da shi. Yara sun ce ina durƙusawa ina yi musu magana ina ba su abin sha, kuma ni na tura wa mai wushirya rina. Ni dai a raina na ce, ga wadda ba ta yarda da shirme ba, amma motarta ce ta farko a rana.

Mama ta ce innalillahi, ta juyo gare ni da Hausa.

"Me kike zubawa?"

"Kunu."

"Wane kunun?"

Na sunkuyar da kai ina kallon ƙasa.

"Na ƙawarki?"

Na gyaɗa kai. Mama ba ta gane ba tukuna. Ta juya wajen shugabar da ƙarfin gwiwarta ta ce, "A kira min ƙawarta, ita za ta yi bayani. Kullum tare suke cin abinci. Babanta masunci ne."

Shugabar ta kalli malama. Malama ta cire tabaranta, ta goge shi da gefen riga, sannan ta ce da wata murya mai taushi da ban taɓa jin ta da ita ba, "Tun da yarinyar nan ta zo, ban taɓa ganinta da kowa ba."

Fanka na juyawa a sama. Wani zakara ya yi cara a waje. Ni dai takalman Mama nake kallo, farare, igiyar ɗaya a kwance, alamar da gudu ta fito. 

Ba gida muka nufa ba. Mama ta tsaya a bakin teku ta kashe mota, ta daɗe tana kallon ruwan.

"Wata biyu," ta ce. "Wata biyu kina cin abinci ke kaɗai, ni ina nan ina yi wa Anti alfahari."

Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

"Da matar nan ta ce aljanu, wallahi na tsorata, na ce shirka ta shigo min gida. Amma wannan ya fi min ciwo. Me ya sa ba ki gaya min ba?"

Sai maganar da ta saba komawa daga maƙogwaro ta fito da kanta, da kuka. "Ba na so a mayar da ni. Mama, please. Ba na so a mayar da ni."

Ta jawo ni jikinta, warin maganin asibiti a rigarta. Ta ce, "Ni ma da laifina. Sau nawa na ce ki kawo ta gida kika ce tana da aiki, na yarda? Na yarda ne don ina so in yarda."

A nan cikin motar ta kira Hajiya a Zariya, don Mama in abu ya dame ta sai ta ji muryar uwarta. Ta buɗe wayar muna ji tare, ta ba ta labari.

"A gindin me?" Hajiya ta daka tsawa. "Tsamiya? Da rana tsaka? La'ilaha illallahu! Ke wace irin uwa ce ba ki gaya mata ba? Ai gidan mutanen ɓoye ne!"

"Hajiya, camfi ne fa."

"Camfi ne, amma ke kin taɓa zama?"

Sai dariya ta ƙwace wa Mama, ga hawaye a fuska. A lokacin na tuna yadda Hajiya ta taɓa fizgo ni da wuyan hannu daga gindin tsamiyar bayan gidanta. Duk shekarun nan na ɗauka don in je in ci abinci ta ja ni.

"Su mutanen can ma sun san da haka?" Hajiya ta tambaya. "To ashe masu hankali ne. Ba ni 'yar nan. Ƙawata! Kin rasa abokan hira sai aljanu? Su ma na san sun gaji da shirunki."

Dariyar ba ta canza komai ba. Saura sati biyu hutun Afrilu. Ranar Lahadi Mama ta zaunar da ni ta ce ta gaya wa Baba, kuma alkawari alkawari ne. "In har ranar hutu ke kaɗai kike cin abinci, da hannuna zan sa ki a jirgi. Ba don ba na son ki kusa da ni ba. Gara ki zauna inda ake damun ki da surutu da ki zauna inda bishiya ce ƙawarki." Da safiyar Litinin ta miƙo mini filas da kofuna biyun nan. Ta ɗaga koren ta ce, "Wannan ɗan Adam za ki ba. Mai rai, mai suna. Ya sha ko ya ƙi, ke dai ki miƙa."

Daga ƙofar ajinmu zuwa rumfa taku arba'in da biyu ne, na ƙirga. Ƙafata tana ta neman karkata wajen tsamiya. Ban san dalilin da ya sa na zaɓi teburin mai wushirya ba, wataƙila don ita kaɗai ta taɓa yi mini magana, ko da ta tsokana ce. Idonta ya ɗan saɓe amma bai gama buɗewa ba. Na tsaya a ƙarshen teburin na tuna darasin ranar farko, na yi musu barka da rana. Muryar ta fito da ƙarfin da ban nufa ba, ta karye a tsakiya. Cokula suka tsaya. Wata ta jawo farantinta jikinta.

Duk jawabin da na yi ta shiryawa tun safe ya gudu. Abin da ya fito shi ne, "Kakata ta ce a garinmu ma jumbi a tsamiya suke zama. A Afirka. Ta yi min faɗa."

Mai wushirya ta kalle ni da ido ɗaya da rabi. "Kin sani, kuma kika je?"

"Ban sani ba. Na manta."

"To me ya kai ki?"

"Can ne ba wanda zai ce in tashi."

"Me kike zuba musu?"

"Kunu ne. Mama ta ce in ba ƙawata." Na ajiye filas a kan tebur. "Ba ni da ita."

Mai wushirya ta taɓa idonta da ya kumbura. 

"Ba ke kika turo min rina ba?"

"Ni ma tsoron rina nake."

Wata ta yi dariya ta toshe baki. Mai wushirya ta nuna filas ɗin da haɓa. "Fara sha in gani."

Na zuba a farin kofi na sha. Na zuba a koren na miƙa. Ta daɗe tana kallonsa, har na fara jin hannuna ya yi nauyi. Sannan ta karɓa, ta shinshina, ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Tsamiya ce! Jama'a, tsamiya ce aka dafa da zafi! Wa ke shan tsamiya da zafi? Mamarki ba ta son ki ne?" Ta sake kurɓa. "Ba mamaki jumbin suka turo rina, wannan abin kike ba su." Teburin ya fashe da dariya, kuma karon farko dariyar ba ta tsaya a kaina ba, ta haɗa da ni. Ta ja jakarta daga kan benci ta ajiye a ƙasa. "Zauna mana, kin tare min iska."

Ba zan ce daga ranar komai ya daidaita ba. Wasu har na bar tsibirin ba su yarda sun zauna kusa da ni ba, kuma na sake samun gishiri a ƙarƙashin kujerata. Sunan Jumbi ya bi ni har ƙarshen shekara, sai dai ya koma ana kirana da shi a gaban idona, ina amsawa. Mai wushirya ba ta yi kama da ƙawar da na ƙirƙira ba ko kaɗan: ga surutu, ga ƙin lissafi, babanta kuma direban tasi ne. Washegari ta kawo mini roba cike da dunƙulen tsamiya da sukari da barkono daga wajen kakarta, wai don in ga yadda masu hankali ke yi da tsamiya. Mama ta riƙe robar da hannu biyu tana kallo kamar takardar shaida, ta cika ta da cincin ta mayar. Hutun Afrilu ya zo ya wuce, ban hau jirgi ba. Amma ranaku da yawa ina zaune a tsakiyar hayaniyar teburin ban gane rabin abin da ake faɗa ba, sai in hango tsamiyar can ita kaɗai, in ji kewarta, da kewar yarinyar da ba ta taɓa wanzuwa ba.

Yanzu ina ajin ƙarshe na sakandare a Greensboro. Babu tsamiya a nan sai ta leda a shagon kayan Afirka, kuma har yanzu ni ba mai magana ba ce. Amma abin da ya faru ya koya mini cewa shiru ba ya ɓoye mutum kamar yadda na ɗauka. In ka ƙi ba da labarinka, mutane za su ba da shi a madadinka, kuma da abin da suke tsoro za su gina shi. Na kuma gane cewa wanda yake son ka gara ya ji ciwon gaskiyarka da ka yi ta faranta masa da ƙarya. Koren kofin nan yana nan a kicin ɗinmu, ya koɗe, bakinsa ya ɗan tsage, Mama ta hana a jefar. Kwanan baya muna maganar tafiyata jami'a, tana lissafa abin da za a saya, bargo da fitila da tukunya, sai ta buɗe kabad ta ɗauko shi ta ajiye a gabana.

"Wannan shi za ki fara sawa a akwati," ta ce. "Kuma kin san ba bishiya za ki ba ba."